Me Ya Sa Jar Ƙasa Ba Ta Ba Da Lantarki? Yadda Caji Ke Tafiya Da Maƙalewa A Cikin Oksayid

A ƙaramar hukumar Bagudo ta jihar Kebbi, tun daga Ka'oje zuwa Illo da Lolo, har Tsamiya inda ake tsallakawa zuwa Segbana ta Jamhuriyar Benin, farantin sola ya daina zama abin kallo. Yana kan rumfar mai cajin waya, yana kan rufin masallaci da shagon magani, yana kuma fadamun bakin kogin Neja inda manoman rani ke ban ruwan shinkafa da albasa. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, tsadar fetur ta sa manoma da yawa suna neman injin ban ruwa mai aiki da sola. Rana kuwa ba ta da rowa a wannan yanki: kowane murabba'in mita na ƙasa yana samun makamashin da ya kai kilowat-awa 5 zuwa 6 a wuni.

Ranar da ke dukan farantin ita ce dai ke dukan jar ƙasar da aka kafa shi a kai, da tsatsar da ke jikin ƙarfen da ya tallafe shi, da farin fentin bangon da ke kusa. Waɗannan ma suna shan haske, kuma hasken yana tayar da caji a cikinsu kamar yadda yake yi a cikin farantin. Amma babu wanda ya taɓa kunna ƙwan lantarki da marmara. To ina cajin yake tafiya?

Masana kimiyya sun shafe fiye da shekara 50 suna bin sawun wannan tambaya. Amsar a taƙaice ita ce, shan haske rabin aiki ne kawai. Sauran rabin shi ne cajin ya iya yin tafiya ya fita kafin ya maƙale a hanya. A kan wannan tafiya ingancin farantin sola ya dogara, haka fuskar wayar salula, da ƙarkon fenti, da wasu sababbin hanyoyin tsaftace ruwan sha.

Mene ne oksayid?

Idan wani nau'in ƙarfe ya haɗu da iskar oksijin suka zama abu ɗaya, abin da aka samu shi ake kira oksayid. Tsatsa ita ce misalin da kowa ya sani: baƙin ƙarfe ne da oksijin da danshi. 'Yar uwarta da ake kira hematayit ita ce ke ba ƙasa da marmara jan launi, kuma tana cikin tamar da maƙeran ƙasar Hausa suka riƙa narkarwa tun kafin zuwan ƙarfen Turawa.

Akwai wasu da yawa. Oksayid ɗin taitaniyam shi ne farin garin da ke sa fenti mai kyau ya yi fari tas. Ana samun ma'adininsa a Saliyo, ana kuma samun wani nau'insa a cikin yashin da aka wanke kuza a Jos. Oksayid ɗin tutiya yana cikin man shafawa na kariya daga rana. A fuskar wayar da ake shafawa kuma akwai wani siririn oksayid mai suna ITO, wanda haske ke ratsa shi kamar gilashi amma lantarki na bin jikinsa.

Abin da ya sa masu bincike suka ƙwallafa rai a kan waɗannan sinadarai shi ne arha da juriya. Oksayid ya riga ya gama haɗuwa da oksijin, saboda haka ruwa da iska ba su da sauran abin da za su yi masa. Silikon, wanda ake yin farantin sola da shi, sai an tace shi a masana'antu masu cin wuta da kuɗi, sannan a lulluɓe shi da gilashi da roba don kada danshi ya taɓa shi. Hematayit kuwa tana iya shekaru a cikin ruwa.

Abin da haske ke yi idan ya shiga

Haske yana zuwa ne ƙwaya-ƙwaya, kowace ƙwaya da gwargwadon ƙarfinta. Ƙwayar jan haske ba ta kai ta shuɗi ƙarfi ba, ta shuɗi kuma ba ta kai ta hasken UV ba, wato hasken da ido ba ya gani amma yake ƙona fata.

A cikin oksayid, ƙananan ƙwayoyin lantarki da ake kira ilektiron suna zaune ne a wani mataki na ƙasa, inda kowane wuri ya cika, babu mai iya motsi. A sama akwai wani mataki da babu kowa, inda za a iya yawo. Tsakanin matakan biyu akwai giɓi, kuma babu wurin tsayawa a tsakiya. Ana auna giɓin da wani ma'auni mai suna eV. Na silikon 1.1 ne, na hematayit kimanin 2.1, na oksayid ɗin taitaniyam kuma 3.0 zuwa 3.2.

Idan ƙarfin ƙwayar haske ya kai giɓin, sai ta ɗaga ilektiron ɗaya ta jefa shi sama. Idan bai kai ba, sai ta wuce ko ta koma. Daga nan launi ke fitowa. Hematayit tana shanye shuɗi da kore ta mayar da ja, shi ya sa ido ke ganinta ja. Oksayid ɗin taitaniyam ba ya shan komai sai UV, yana mayar da duk sauran, shi ya sa yake fari. UV kuwa bai wuce kashi 5 cikin 100 na makamashin hasken rana ba.

Ilektiron da ya hau sama yakan bar gurbinsa a ƙasa. Wannan gurbi ma yana tafiya. Kamar sahun salla ne idan wani ya fita: na gefe ya matso ya cike, na gefensa ma ya matso, sai a ga gurbin yana tafiya zuwa ƙarshen sahu. Don haka kowace ƙwayar haske tana haifar da matafiya biyu, ilektiron mai cajin ragi da gurbi mai cajin ƙari. Idan aka raba su, ɗaya ya fita ta nan ɗaya ta can, an samu lantarki ko aikin sinadari. Idan suka sake haɗuwa, ilektiron ya faɗa cikin gurbin, makamashin ya zama zafi kawai. Wannan shi ne abin da ke faruwa a jar ƙasa da tsakar rana, kuma tafin ƙafa shaida ne.

Taku 4 a hanya mai taku 100

Domin a gane girman matsalar, sai an san ma'aunin nanomita, wato kashi ɗaya cikin biliyan na mita. Kaurin gashin kai ɗaya ya kai nanomita 70,000 ko kusa da haka.

Koren haske yakan nutsa kimanin nanomita 100 a cikin hematayit kafin a shanye shi. Gurbin da aka haifa a can ciki kuwa ba ya iya tafiyar da ta wuce nanomita 2 zuwa 4 kafin ya hallaka. Mai karatu ya ƙaddara kowace nanomita taku ɗaya ce. An ajiye matafiyi taku 100 daga bakin ƙofa, guzurinsa kuma na taku 4 ne. Sai wanda aka haifa dab da ƙofar ne kaɗai zai fita.

A silikon mai kyau labarin daban ne. Cajin yana iya tafiyar nanomita dubu ɗari uku ko fiye, wadda ta zarce kaurin yankan silikon ɗin kansa. A wancan lissafi na taku, wannan matafiyi zai tashi daga Bagudo ya wuce Birnin Kebbi guzurinsa bai ƙare ba. Shi ya sa kusan duk cajin da haske ya tayar a cikin farantin sola yake isa ga siraran wayoyin azurfa da ke fuskarsa.

Ramin da caji ke haƙa wa kansa

Dalilin wannan bambanci yana cikin ginin abin. A silikon, ƙwayoyin zarra duk iri ɗaya ne kuma babu mai ɗauke da caji, don haka idan ilektiron ya gifta ba su cika motsawa ba. A oksayid, ƙwayoyin ƙarfe suna da cajin ƙari, na oksijin suna da cajin ragi, an jera su bi da bi. Da zarar ilektiron ya tsaya a kan ƙwayar ƙarfe ɗaya, sai ƙwayoyin oksijin da ke zagaye da ita su ɗan ja baya, na ƙarfe su ɗan matso. Wannan 'yar gocewa tana sa wurin ya fi ko'ina daɗin zama ga ilektiron ɗin, sai ya kasa tashi.

Duk wanda ya san hanyoyin fadama da damina ya san wannan. Motar da ta ɗauko buhunan shinkafa, idan ta tsaya a laka, nauyinta ne ke haƙa ramin da za ta maƙale a ciki. Ba wani ne ya haƙa mata ba. Idan aka turo ta ta fita, taku kaɗan sai ta haƙa wani.

Masanin kimiyyar Tarayyar Sobiyet, Lev Landau, shi ya fara hango cewa ilektiron zai iya kama kansa ta wannan hanya, a 1933. A 1946 Solomon Pekar ya ba ilektiron tare da ramin da yake ja suna folaron. A 1959 kuma Theodore Holstein ya yi lissafin yadda ƙaramin folaron, wanda raminsa bai wuce faɗin ƙwayar zarra ɗaya ba, yake tafiya. Ba ya gudu, tsalle yake yi daga ƙwaya zuwa ƙwaya, kuma kowane tsalle sai ya jira girgizar zafi ta tura shi.

Daga nan aka samu wani abin mamaki. A silikon da wayar tagulla, zafi yana rage saurin caji, domin ƙwayoyin da ke girgiza suna tare masa hanya. A hematayit zafi yana ƙara masa sauri, domin girgizar ce ke fitar da shi daga rami. Duk da haka tazarar tana da yawa ƙwarai. A ma'aunin da ake gwada saurin tafiyar caji, ilektiron a silikon yana da kimanin 1,400, a hematayit kuwa bai kai 1 ba. Zafin watan Afrilu na Kebbi, da ke haura digiri 40, ba zai cike wannan rata ba.

Ba duk oksayid ke da wannan nawa ba. A oksayid ɗin indiyam da na tutiya da na kuza, hanyar da ilektiron ke bi tana da faɗi, ta ratsa ƙwayoyi da yawa, don haka ba ya daɗewa a wuri ɗaya har ya nutse. Shi ya sa su ake sawa a fuskar waya, ba tsatsa ba.

Sauran tarkuna

Bayan ramin da caji ke haƙa wa kansa, akwai tarkunan da ya tarar a hanya. Na farko shi ne wurin da ƙwayar oksijin ta ɓace daga jeri. Kusan kowane oksayid yana da irin waɗannan wurare, musamman idan an gasa shi a inda iska ba ta wadata ba. Ilektiron yana son zama kusa da su. Idan suka yi yawa a oksayid ɗin taitaniyam, farin garin yakan koma shuɗi-shuɗi, alamar cewa ilektiron sun taru a kan ƙwayoyin taitaniyam.

Na biyu shi ne baƙin ƙwayoyi da suka shiga jerin, ko dai bisa kuskure ko da gangan. Na uku shi ne fatar abin, inda jeri ya yanke, da kuma mahaɗar ƙananan tsaba biyu.

Tarkuna sun kasu biyu ta fuskar zurfi. Marar zurfi yakan riƙe caji na ɗan lokaci, zafin ɗaki ya ishe shi fita ya ci gaba. Wannan jinkiri kawai yake jawowa. Mai zurfi kuwa yakan riƙe cajin har abokin tafiyarsa ya iso ya same shi a wurin, su haɗu, makamashin ya salwanta. Tarko mai zurfi shi ne babban ɓarawon na'urorin hasken rana.

Yadda aka gan su

Duk wannan yana faruwa ne cikin lokacin da hankali ba ya kamawa. Ma'auninsa shi ne fikosakan, wato kashi ɗaya cikin tiriliyan na sakan. A cikin fikosakan ɗaya, haske kansa ba ya yin tafiyar da ta wuce sulusin milimita.

Dabarar da ake bi ita ce a harba walƙiyar leza sau biyu. Ta farko tana tayar da caji. Ta biyu tana biyo baya bayan ɗan lokacin da aka ƙayyade, ta duba yadda abin ke shan haske a wannan lokaci. Ana maimaitawa ana ƙara jinkirin kaɗan-kaɗan, sai a jera sakamakon kamar hotunan fim. Masanin kimiyya ɗan asalin Masar, Ahmed Zewail, ya samu kyautar Nobel a 1999 saboda amfani da irin wannan leza wajen kallon yadda sinadarai ke haɗuwa da rabuwa.

A 2017, masu bincike a Berkeley ta Amurka, a ɗakin gwajin Stephen Leone, sun kalli hematayit da wannan hanya. Sun ga ilektiron da haske ya tayar yana zama folaron cikin 'yan fikosakan. A Landan kuma, ƙungiyar James Durrant ta Imperial College ta auna ɗaya ɓangaren: tsawon lokacin da gurbi ke buƙata a fatar hematayit kafin ya fizge ilektiron daga ruwa. Sun samu cewa yana ɗaukar daga wani yanki na sakan zuwa sakan guda ko fiye.

A nan matsalar take. Da za a miƙe fikosakan ɗaya ya zama sakan ɗaya, to sakan ɗaya zai zama shekara fiye da 31,000. Caji yana fara maƙalewa da hallaka tun a sakan-sakan na farko na wannan dogon zamani, aikin da ake so ya yi kuma yana can ƙarshensa. Ƙari a kan haka, kafin a samu ƙwayar iskar oksijin ɗaya daga ruwa sai gurbi 4 sun taru a wuri ɗaya.

Inda tarko ke da rana

Da a ce tarko ɓarna kaɗai yake yi, da maganar ta yi sauƙi. Amma akwai na'urorin da ba za su yi aiki ba sai da shi.

Misali mafi kusa shi ne carbi ko hannun agogo mai haske cikin duhu. Na da ana yin su da haɗin tutiya da farar wuta, haskensu ba ya daɗewa. A 1993 kamfanin Nemoto na Japan ya fito da wani oksayid na alminiyam da sitironshiyam, wanda aka zuba wa ƙwayoyin wasu ƙarafa biyu masu wuyar samu. Haske yana tayar da ilektiron, tarkuna su kama su, zafin ɗaki ya riƙa sakinsu ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya koma gurbinsa ya ba da ɗan koren haske. An daidaita zurfin tarkon ne yadda sakin zai ɗauki dare guda. Da ya fi haka zurfi da ba a ga haske ba, da bai kai haka ba da hasken ya ƙare cikin minti kaɗan.

Misali na biyu ya samo asali ne daga Jami'ar Tokyo. A 1972 Akira Fujishima da Kenichi Honda suka wallafa a mujallar Nature cewa oksayid ɗin taitaniyam, idan hasken UV ya doke shi a cikin ruwa, yana iya raba ruwan zuwa iskar haidirojin da oksijin. Daga baya aka gane cewa gurbin da ya maƙale a fatar oksayid ɗin yana da ƙarfin farfasa datti da maiƙo da ƙwayoyin cuta. A 1985 Tadashi Matsunaga da abokan aikinsa suka nuna yana kashe ƙananan halittu a ruwa. A 2001 kamfanin Pilkington na Ingila ya fara sayar da gilashin taga mai wanke kansa. A nan tarkon fata shi ne ke riƙe gurbi a daidai inda ake buƙatarsa, ya raba shi da ilektiron, ya ba shi tsawon ran da zai yi aiki.

Wannan ƙarfi shi ne kuma ke cin fenti. Bangon da aka shafa hannu aka ga farin gari kamar alli, sau da yawa gurbin da rana ta tayar ne ya cinye ƙaron da ke riƙe da fentin. Oksayid ɗin taitaniyam iri biyu ne a kasuwa, anatas da rutayil. Anatas ya fi zafin aiki, don haka masu yin fentin waje suna zaɓar rutayil, kuma su lulluɓe kowace tsaba da siririn oksayid ɗin alminiyam da na silikon don cajin kada ya kai ga ƙaron.

Misali na uku yana cikin farantin sola kansa. Raunin silikon yana fatarsa, inda tarkuna suka yi yawa. A farantan da ake kira PERC, fasahar da ta fito daga ɗakin binciken Martin Green a Jami'ar New South Wales ta Ostareliya a shekarun 1980, ana shafa siririn oksayid ɗin alminiyam a bayan kowane yanki. Wannan shafi yana ɗauke da cajin ragi da ya maƙale a cikinsa ba ya motsi. Shi ke korar ilektiron daga fatar, kamar makiyayi mai kare shanu daga bakin rami. Sabuwar fasahar TOPCon, wadda cibiyar Fraunhofer ta Jamus ta gabatar a 2013, tana amfani da oksayid ɗin silikon mai kaurin nanomita 1 zuwa 2 don rufe tarkunan fatar.

Dabarun da ake bi

Tunda ba za a iya hana caji nutsewa gaba ɗaya ba, sai aka koma rage masa nisan tafiya. Ana gina oksayid ɗin da siffar ƙananan rassa ko sanduna, yadda duk inda aka haifi gurbi, fata na kusa da shi. A 2006 ɗakin binciken Michael Grätzel da ke Lausanne ta Suwizalan ya yi hematayit mai irin wannan siffa, aka ɗan zuba mata silikon, ƙarfinta ya ƙaru sosai. Ana kuma shafa wa fatar wasu sinadarai, kamar na kobalt, masu karɓar gurbi su hanzarta aikinsa a kan ruwa. A lissafi, hematayit za ta iya mayar da kimanin kashi 15 na hasken rana ya zama haidirojin, amma mafi yawan na'urorin gwaji ba su kai rabin haka ba.

Wata dabarar ita ce a raba aikin. A 1991 Brian O'Regan da Grätzel suka haɗa wata na'ura inda rini ne ke shan haske, ya miƙa ilektiron ga oksayid ɗin taitaniyam cikin ƙasa da fikosakan ɗaya, gurbin kuma ya tsaya a waje. Ilektiron yana tafiya daga tarko zuwa tarko a hankali, amma yana isa, domin babu gurbin da zai faɗa ciki a hanya. Ingancin na'urar ya kai kashi 7. Ɗalibai a jami'o'in Najeriya da dama sun gwada wannan da rinin zoɓo da na lalle. Ingancin bai cika kai kashi 1 ba, amma gwaji ne da ke koyar da ilimin da kayan gida.

A Japan, ƙungiyar Kazunari Domen ta nuna a 2020 cewa idan aka rage tarkuna a wani oksayid na sitironshiyam da taitaniyam ta hanyar zuba masa alminiyam, kusan kashi 96 na ƙwayoyin UV da suka shiga suna yin aiki. A 2021 suka shimfiɗa farantansa a fili mai murabba'in mita 100 suna tara haidirojin daga ruwa. Ingancin gaba ɗaya bai kai kashi 1 ba, domin UV kaɗai yake sha. Har yanzu ana neman oksayid ɗin da zai haɗa biyun: ya sha hasken da ido ke gani kamar hematayit, ya kuma bar caji ya wuce.

A fuskokin waya da talabijin ma ana fama da tarko. Sinadarin IGZO, wanda Hideo Hosono da abokan aikinsa suka gabatar a 2004, kamfanin Sharp kuma ya fara ƙera shi da yawa a 2012, ya ninka tsohon silikon na fuska sauri fiye da sau goma. Amma haske yana tayar da ilektiron daga wuraren da oksijin ya ɓace, su ƙi komawa ko bayan an ɗauke hasken. Don haka masu ƙira ke kare ƙananan makunnan fuskar daga haske, su kuma ƙayyade yawan oksijin a lokacin ƙira.

Abin da ya shafi mai saye

Ga wanda zai sayi faranti a Bagudo ko a kasuwar Malanville da ke tsallaken iyaka, wannan ilimi yana da amfani ta fuskoki huɗu.

Na ɗaya, zafi. Ana rubuta ƙarfin faranti ne a kan digiri 25, alhali a rana tsaka jikinsa yana iya kai digiri 65. Farantan silikon suna rasa kimanin kashi 0.3 zuwa 0.4 a kowane digiri, wato kashi 12 zuwa 16 a irin wannan zafi. Wannan adadi yana cikin takardar bayanan faranti, kuma na TOPCon galibi ya fi na PERC ƙanƙanta. A bar wa iska hanya a ƙarƙashin farantin, kada a manna shi a jikin kwano.

Na biyu, tsagewa. Tsagar da ido ba ya gani a cikin silikon sabuwar fata ce da babu oksayid ɗin da ya rufe ta, kuma tana iya yanke siraran wayoyin da ke kwasar caji. Farantin da aka ɗaure a bayan babur aka bi da shi hanya mai gargada, ko aka taka shi wajen wanki, yana iya rasa ƙarfi alhali gilashinsa lafiya lau.

Na uku, tallan shafi mai wanke kansa. Oksayid ɗin taitaniyam yana farfasa maiƙo da dattin da ya fito daga abu mai rai, sannan yana buƙatar ruwan sama ya ɗauraye ragowar. Ƙurar hunturu garin ƙasa ce da duwatsu, babu abin da gurbi zai ci a jikinta, kuma tana zuwa ne a watannin da babu ruwan sama. Ruwa mai tsafta da ƙyalle mai laushi da sassafe su ne maganinta.

Na huɗu, ruwan sha. Tsaftace ruwa da oksayid da hasken rana gaskiya ne a ɗakin gwaji da ƙananan ayyukan gwaji, amma yana buƙatar ruwa garai-garai da UV zai ratsa. Ruwan kogi mai laka na lokacin ambaliya a Lolo ko Illo sai an bar shi ya kwanta an tace shi tukuna. Kuma babu dalilin zuba wani farin gari a ruwan sha. Hanyar da aka tabbatar ba ta buƙatar oksayid: a zuba tataccen ruwa a gorar roba mai haske wadda ba ta wuce lita 2 ba, a kwantar da ita a rana awa 6, ko kwana 2 idan akwai hadari.

Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato ta daɗe tana aiki a kan hasken rana, ga kuma Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta jihar Kebbi a Aliero. Ɗalibin da ke son shiga wannan fage ba sai ya mallaki leza mai tsada ba kafin ya fara. Yadda ake gasa oksayid, da yawan iskar da ake ba shi, da abin da ake zuba masa, su ne ke ƙayyade yawan tarkuna da zurfinsu, kuma ana iya gwada su da tanderu da gilashi mai ɗaukar lantarki da na'urar auna wuta.